Mass Effect Legendary Edition: wasan da ɗan Adam ya iso taro a makare

Mass Effect Legendary Edition wasanni uku ne a ƙunshi ɗaya: na farko da ya fito a 2007, na biyu na 2010, da na uku na 2012. Kamfanin BioWare da ke birnin Edmonton na ƙasar Kanada ne ya ƙirƙire su, shi ya kuma sake yi musu kwaskwarima, sannan Electronic Arts ya fitar da haɗin ranar 14 ga Mayu, 2021, don PlayStation 4 da Xbox One da kwamfuta. Na buga ukun a jere, daga farko har ƙarshe. Hukuncina shi ne, duk mai son labarin da zai ci gaba da yi masa yawo a rai bayan ya kashe na'ura, wannan haja ta cancanci lokacinsa. Tana da aibu, zan kuma faɗe su. Sai dai in ja kunne tun yanzu: ba yadda zan yi in bayyana abin da ya sa jama'a suka ƙaunaci wasan nan, da abin da ya harzuƙa su, ba tare da na tona wasu sirrikan labarin ba, har da ƙarshensa.

Ga yadda aka ɗora tubalin. A cikin labarin, a shekarar 2148 mutane suka tono kangon wata tsohuwar al'umma mai suna Prothean a duniyar Mars. Daga nan suka gano wata ƙatuwar na'ura can wajen Pluto, mai cilla kumbo zuwa nesa cikin ƙiftawar ido. Suka shiga buɗe duk ƙofar da suka tarar, ba su san akwai doka a kan hakan ba. A 2157 suka yi karo da turian, al'ummar sojoji masu tsananin bin ƙa'ida, aka gwabza a kan wata duniya da ake kira Shanxi, har sai da Majalisar Citadel, mai jagorantar al'ummun sararin samaniya daga wata ƙatuwar tasha mai wannan suna, ta shiga tsakani. Wasan farko yana buɗewa ne a 2183, shekara 26 kacal bayan wannan yaƙi. Waɗanda suka yi shi suna raye, tabon bai warke ba a ɓangarorin biyu.

Majalisar kuwa ta haura shekara 2,000 da kafuwa, kujerunta uku: asari, salarian, turian. Ɗan Adam ofishin jakadanci kawai yake da shi, da jakada mai yawan ɗaga murya. A nan wasan ya fara kama ni. A kusa da ofishin mutane akwai wani ɗaki da jakadun al'ummu biyu suke rabawa, volus da elcor. Volus su ne suka tsara harkar kuɗi da bankin da kowa ke amfani da shi, sun daɗe ƙwarai suna jiran kujera, ba a ba su ba. Idan ka tsaya ka saurari jakadansu, za ka ji yadda yake ƙunar zuci da waɗannan sababbin zuwa da suka iso jiya suke neman kujera yau. Ban taɓa jin haushinsa ba. Gaskiya yake faɗa. Wasan ya sa ka a jikin Kwamanda Shepard, mutum na farko da za a naɗa Spectre, wato wakilin Majalisa na musamman da ba ya karɓar umarni sai daga gare ta, kuma tun a sa'o'in farko an nuna maka cewa ɗaukakar da kake murna da ita, wani a maƙwabta yana ganinta a matsayin tsallake layi.

Sa'o'in farko a Citadel su ne mafi soyuwa gare ni a dukan ukun, duk da cewa da yawa suna cewa sun yi musu tsawo. An ce baƙo makaho ne ko da idonsa biyu, kuma haka kake zama a wurin. Elcor manya ne masu tafiya da ƙafa huɗu, muryarsu ba ta hawa ba ta sauka. A tsakaninsu da ƙamshi da ɗan motsin jiki suke gane fushi da murna, mu kuwa ba ma iya kama wannan, shi ya sa idan za su yi magana da wani jinsi sai su fara faɗin halin da suke ciki, sannan maganar ta biyo. Da farko abin dariya ne. Can gaba sai na lura cewa su ne suke yi mana alfarma, su suka sauko don mu gane. Hanar kuma halittun ruwa ne, da haske suke magana, na'ura ke mayar da shi sauti, kuma rashin ladabi ne a wurinsu mutum ya ce "ni" a gaban wanda ba na jikinsa ba. Akwai wani hanar mai wa'azi da ɗan sandan Citadel ya hana shi tsayawa saboda ba shi da takardar izini, aka bar maka sasanta su. Ƙaramin abu ne, ba ya ƙara komai a yaƙin da ke tafe, amma shi ya sa na yarda cewa wurin yana da rayuwarsa tun kafin in zo.

Yanzu ga abin da ya fi jan hankalina, wato yadda masu bugawa suka karɓi labarin. A wasan farko abokan tafiyarka shida ne: mutane biyu, Ashley da Kaidan, da baƙin halittu huɗu, Garrus, Tali, Wrex da Liara. Da a ce hankali kawai za a bi, sai a zaci mai wasa zai fi jingina da masu kama da shi. Ba haka aka yi ba. Zukata suka tafi wurin Garrus, turian mai fuska kamar an ƙera ta da ɓawo, ɗan jinsin da ya yaƙe mu jiya jiya, da wurin Tali, wadda ba a ganin fuskarta sam saboda garkuwar jikin al'ummarta ta yi rauni har ba sa iya cire rigar kariya. A wasan farko ba a ba da damar soyayya da ko ɗaya daga cikinsu ba. A na biyu aka buɗe, kuma masu yin wasan da kansu sun ce roƙon jama'a ne ya jawo hakan. Su biyun ne kaɗai suke cikakkun abokan yaƙinka a dukan wasannin uku. Har hoton fuskar Tali da aka nuna a 2012 sai da ya ta da ƙura, domin an gano hoton wata mata ne na kasuwa aka ɗan yi wa gyara, mutane suka ce wannan bai dace da wadda suka yi shekara biyar suna tunanin kamanninta ba. A wannan sabon haɗin an canza hoton.

Ashley kuwa ta sha suka. Shekara da shekaru ana kiranta mai wariyar jinsi, saboda ba ta yarda a bar baƙi su riƙa yawo a sassan sirri na Normandy, jirgin Shepard, ba, kuma tana ganin cewa ranar da wuta ta kama, kowace al'umma kanta za ta fara ceta. Ni ina ganin an yi mata rashin adalci. Kakanta ne janar ɗin da ya miƙa wuya a Shanxi don kada a ƙarar da fararen hula, kuma danginta sun yi ta biyan bashin wannan a cikin soja. Tana da kaifin baki, wasu maganganunta ba su da daɗin ji, amma idan aka haɗa ta da 'yan jam'iyyar Terra Firma masu ƙin baƙi da gaske, ƙyamarsu take yi. Kuma a farkon wasa na uku, lokacin da aka afka wa Duniya, Majalisa ta yi daidai abin da ta hango: kowa ya koma tsaron gidansa. Abin da ya ba ni sha'awa, a alƙaluman da BioWare ya fitar a 2021, kashi 60 cikin 100 na masu bugawa ita suka ceta a duniyar Virmire ta wasan farko, inda dole ka bar ɗaya tsakaninta da Kaidan. Surutun ƙinta ya fi ƙinta yawa.

Ƙarfin wasan yana cikin cewa abin da ka zaɓa yana bin ka daga wannan wasa zuwa wancan. Ka gama na farko, ka ɗauki ajiyarka ka shiga na biyu, wanda ya mutu ya mutu, wanda ka yi wa alheri zai aiko maka da saƙo. Ba inda wannan ya fi fitowa kamar labarin krogan, kuma zan ɗan daɗe a kansa.

Krogan jarumai ne masu yawan haihuwa, daga wata duniya mai tsanani da ake kira Tuchanka. Salarian ne suka ɗauko su suka ba su makamai don su yaƙi wasu halittu masu suna rachni. Suka ci yaƙin, sannan suka fara mamaye duniyoyin wasu. Sai salarian suka ƙirƙiro wata cuta, turian suka sake ta, ta yadda cikin ciki 1,000 ɗaya ne kawai yake zuwa da rai. Ba a kashe su da takobi ba, an bar su suna binne jarirai har suka daina sa rai da gobe. Wrex, abokinka krogan, yana ɗauke da wannan a zuciya. A Virmire zai iya juya maka bindiga, domin maƙiyinka ya samo magani kai kuma za ka rusa wurin. Idan ba ka iya lallashinsa ba, a nan zai mutu. A wasa na biyu sai a haɗa ka da Mordin, likitan salarian mai magana da sauri kamar ana korarsa, wanda shi da kansa ya yi aikin sabunta cutar lokacin da jikin krogan ya fara shawo kanta. Yana da hujjoji, yana da lissafi, kuma kana ganin lissafin bai hana shi juyi da dare ba. A nan za a tambaye ka ko a adana sakamakon wani mummunan gwaji da ɗalibinsa ya yi a kan matan krogan, ko a goge. A wasa na uku duk waɗannan zaruruwa suke haɗuwa. Idan ka adana sakamakon, macen da maganin zai fito daga jikinta za ta rayu. Idan Wrex ya mutu tun a baya, ɗan'uwansa Wreav ne sarki, mai neman fansa, kuma warkar da krogan a hannunsa wata magana ce daban. Ana cikin haka shugabar salarian za ta kira ka a ɓoye ta ce ka lalata maganin, ita kuma ta ba ka rundunarta don ceton Duniya.

Ku duba abin da aka ɗora a sikeli: taimako ga mutane, jinsinka, a gefe guda, da haƙƙin wasu halittu masu kama da kada a ɗaya gefen. Alƙaluman BioWare, na 2013 da na 2021, duka sun nuna fiye da kashi 90 cikin 100 sun warkar da krogan. Mordin yana hawa hasumiyar da zai saki maganin yana sane ba zai sauko ba. Na ajiye madannan hannuna a wurin, na kasa ci gaba a daren. Idan kuka nemi bidiyon masu buga wannan wuri a karon farko a YouTube, za ku ga manya da yara, maza da mata, daga ƙasashe daban daban, suna share hawaye saboda wani likita mai manyan idanu wanda jinsinsa da wuya su wuce shekara 40. Wani tsohon ma'aikacin BioWare, John Ebenger, ya faɗa a 2020 cewa kusan kashi 92 cikin 100 na masu bugawa hanyar kirki suka bi, duk da wahalar da aka sha wajen gina hanyar rashin imani. An ba mutane dama su zama azzalumai a wurin da ba wanda zai kama su, suka ƙi.

Labarin quarian, al'ummar Tali, shi ma haka yake da nauyi, amma zan taƙaita. Su suka ƙera geth don yi musu aiki, ranar da ɗaya daga cikin na'urorin ya tambayi mai shi ko yana da rai, tsoro ya kama su suka nemi kashe su duka, suka sha kaye, suka bar duniyarsu Rannoch. Kusan shekara 300 ke nan suna yawo a ayarin jirage 50,000, ana yi musu kallon ɓarayi duk inda suka sauka. Ana iya sulhunta su da geth a wasa na uku, amma sai idan Tali da Legion, geth ɗin da ya zama abokinka, duka suna raye, kuma ka yi wasu abubuwa daidai tun a wasa na biyu. In ba haka ba, al'umma ɗaya za ta ƙare a gaban idonka.

Game da kwaskwarimar kanta, wasan farko ne ya fi amfana. An gyara harbi, ya daina yi wa mutum gardama. Motar Mako da ake yawo da ita a kan duwatsu ta ƙara nauyi, ta rage tsalle. Dogon tsayuwa a lif, wanda da can ake ɓoye lodin wasa da shi, ya ragu, ana ma iya tsallake shi, ko da yake ni nakan bari saboda hirar da abokan tafiya suke yi a ciki. Haske da fuskoki sun yi kyau, kuma siffar Shepard ɗaya ce daga farko har ƙarshe. Abin da bai gyaru ba: ƙananan duniyoyin wasan farko har yanzu fili ne fetal, da gini iri ɗaya ana maimaitawa. Neman ma'adinai a wasa na biyu aiki ne mai gundura. Littafin ayyuka na wasa na uku ba ya gaya maka inda ka kwana. An haɗa kusan dukan ƙarin sassan da da can ake sayarwa daban, fiye da 40, ban da Pinnacle Station wanda asalin fayilolinsa suka lalace. Babu sashen buga wa tare da wasu ta intanet na wasa na uku, don haka ƙarfin rundunarka a ƙarshe ya dogara ne kan abin da ka aikata cikin wasannin uku, kuma wannan ya fi mini. A kwamfuta yana neman wuri har gigabayit 120.

Babban aibun da nake gani yana cikin labarin ne. Yayin da ake tafiya, sai marubutan suka fara lallaɓa ɗan Adam. A wasa na biyu maƙiya mutane kaɗai suke sacewa, ana kuma gaya mana cewa jininmu ya fi na kowa bambanci iri iri. A na uku, Reapers, manyan na'urorin da suke zuwa duk bayan shekara 50,000 su share al'ummun da suka ci gaba, sun afka wa kowa, amma taken tallan wasan shi ne a ƙwato Duniya. Palaven, gidan Garrus, tana ci da wuta. Thessia, gidan Liara, ta faɗi. Kai kuma kana zagayawa kana cewa kowa ya bar nasa ya zo ya ceci naka. An ba da dalili a ƙarshe, amma ya zo a makare, kuma ban gamsu ba.

Na san akwai masu son wannan ɓangaren, kuma ba na raina su. Cikin masoya irin waɗannan labarai akwai jama'a mai yawa da abin da ya fi faranta musu shi ne su ji baƙuwar halitta tana mamakin mutum: taurin kansa, saurinsa, yadda ba ya sanin an ci shi da yaƙi. Akwai daɗi a jin wani daga waje yana kwatanta ka, musamman a zamanin da labaran da muke ji game da kanmu yawancinsu na ɓarna ne. Wasan yana ba su rabonsu. Sai dai inda ya fi yin kyau shi ne inda yabon yake tafe da tsoro. Liara tana da shekara 106 a wasan farko, a wurin asari masu kai wa shekara 1,000 yarinya ce, kuma ita take gaya maka cewa sauran al'ummu suna kallon mutane a matsayin masu ture duk wanda ya tsaya musu a hanya. Wannan ya fi mini amfani da a ce mini jinina na musamman ne. Zo mu zauna, zo mu saɓa, kuma wasan ya fi gaskiya a lokutan da ya bar saɓanin a fili.

Sai maganar ƙarshe, wadda ta zama ɗaya daga cikin manyan rigingimu a tarihin wasannin bidiyo. Wasa na uku ya fito a watan Maris na 2012. Bayan duk wannan tafiya, Shepard yana isa gaban wata halitta mai siffar yaro, a ba shi zaɓi uku: ya hallaka Reapers, ya mallake su, ko ya gauraya masu rai da na'urori. Abin da ya biyo baya kusan hoto ɗaya ne, launin fashewar ne ya bambanta: ja, shuɗi, kore. Na'urorin cilla jirage suka tarwatse, Normandy ta faɗa wata duniya mai daji, aka rufe. Jama'a suka tashi. Aka kafa gangami mai suna Retake Mass Effect, suka tara kimanin dala 80,000 ga gidauniyar Child's Play mai taimakon yara a asibiti, don su nuna ba ɓarna suka fito yi ba. Wasu suka aika ƙananan kek fiye da 400 zuwa ofishin BioWare, ja da kore da shuɗi, dukansu ɗanɗano ɗaya, kamfanin ya miƙa su ga wani gidan kula da matasa a Edmonton. Wani ya kai ƙara hukumar kare masu saye ta Amurka. Wasu kuma suka gina doguwar fassara cewa duk abin da ya faru a ƙarshen a cikin kan Shepard ne, Reapers ne suke juya masa hankali, suka bi wasan daƙiƙa daƙiƙa suna tattara hujja. Akwai kuma waɗanda suka wuce gona da iri suka shiga zagin ma'aikata, wannan kuwa ba shi da uzuri ko kaɗan.

An yi ta cewa masu ƙorafin ƙarshe mai daɗi suke so, ba sa son jarumi ya mutu. Wanda ya saurari tambayoyin da suka fi yawa zai ga ba nan gizo ke saƙar ba. Tambayoyin su ne: rundunar turian da ta quarian da suka zo Duniya, ga hanyar komawa ta rushe, ga shi ba sa iya cin abincinmu saboda jikinsu daban yake, yunwa za ta kashe su ke nan? Tali da ta samu ƙasarta jiya, ba za ta sake ganinta ba? Jariran krogan da Mordin ya ba da ransa dominsu, an haife su? Me ya sa Garrus, wanda yake tare da ni a fagen fama yanzu yanzu, ya bayyana a jirgin da ke gudu? Ana iya ceton Duniya a kowane launi, kuma hakan bai sanyaya zuciyar kowa ba. Mutanen da aka tallata wa wasa da sunan ceton gidansu, fushinsu a kan makomar baƙi ne. Wannan shi ne abin da ya sa nake ganin wasan ya ci nasarar da shi kansa bai gama ganewa ba.

Ray Muzyka, ɗaya daga cikin likitocin da suka kafa BioWare a 1995, ya fito a watan Maris ɗin ya ce sun ji. Ranar 26 ga Yuni, 2012, aka saki Extended Cut, wato ƙarin da ya faɗaɗa ƙarshen wasan, kyauta. Bai canza zaɓin uku ba, amma ya nuna yadda aka kwashe abokanka, ya nuna na'urorin sun lalace ne ana kuma iya gyara su, ya nuna abin da ya samu kowace al'umma gwargwadon abin da ka shuka, ya kuma ƙara zaɓi na huɗu, na ƙin amincewa da duka. Wasu masu sharhi sun ce wannan mummunan misali ne, mai fasaha bai kamata ya gyara aikinsa don an yi masa ihu ba. Na fahimci tsoronsu. Amma wannan labari ne da tun ranar farko aka ce da mai bugawa hannunka yana ciki, aka bar shi shekara biyar yana yanke hukunci. Wanda aka ba wannan matsayi yana da bakin tambaya. Ni har yanzu ina ganin yaron nan da zaɓinsa uku su ne mafi rauni a dukan tafiyar, domin sun kawo sabuwar tambaya a minti na ƙarshe, cewa masu rai da na'urori ba za su taɓa zama lafiya ba, alhali mai yiwuwa ka riga ka sulhunta geth da quarian da hannunka.

Wanda ya fara da Legendary Edition ba zai ji zafin 2012 ba, domin gyararren ƙarshen shi ne a ciki, tare da sassan da suke cike giɓi. Sashen Leviathan yana bayyana asalin Reapers. Javik, Prothean na ƙarshe da ya rage, wanda da can sai an saye shi daban, yana cikin tafiyar, kuma shi ne yake kallon dukan al'ummun, har da asari masu ji da kansu, a matsayin jarirai. Sai sashen Citadel, wanda ya fito a Maris 2013, na ƙarshe da aka yi wa wasan. Rabinsa barkwanci ne, rabinsa walima ce a gidan Shepard, inda duk wanda ya rage da rai cikin abokanka zai zo. Babu ceton kowa a ciki, zama ne kawai da hira. Masoya da yawa shi suke ɗauka a matsayin bankwanan gaskiya, kuma ina tare da su. Har yau duk ranar 7 ga Nuwamba suna bikin da suke kira N7 Day, daga alamar N7 da ke jikin sulken Shepard.

Abubuwan da ya kamata mai saye ya sani. Wasan na manya ne, a Amurka an sa masa alamar 'yan shekara 17 zuwa sama, a Turai 18. Akwai jini, akwai ashar, akwai gidajen rawa, akwai kuma wuraren soyayya da za a iya kauce musu gaba ɗaya idan ba a bi hanyarsu ba. Ba na yara ba ne. Magana ta fi harbi yawa, don haka a kunna rubutun da ke fita a ƙasan allo, kuma wanda harbi kawai yake nema zai gaji tun a Citadel. Wanda yake bin kowane lungu zai iya cinye fiye da sa'a 100 kafin ya gama ukun. Ana iya yin Shepard namiji ko mace. Mark Meer ne muryar namijin, Jennifer Hale ta macen, kuma ni tata ta fi shiga raina, musamman a wuraren gajiya da rashi. A da kashi 18 cikin 100 ne kawai suke zaɓar macen, a 2021 ya kai 32.

Ku fara daga na farko, ko da za ku ji ya tsufa, domin nauyin na uku daga can yake tasowa. Bayan kowane babban aiki ku zagaya jirgi ku yi magana da kowa, har da injiniyoyin da ke ƙasa. A wasa na biyu ku kammala buƙatar kowane abokin tafiya, ku kuma ƙarfafa jirgin kafin aikin ƙarshe, saboda a can kowa na iya mutuwa, har Shepard. Kada ku nemi jagora a buga na farko, ku bar abin da ya faru ya faru. Sashen Citadel kuma ku ajiye shi sai dab da harin da za a kai hedikwatar Cerberus, ƙungiyar masu fifita ɗan Adam a kan sauran al'ummu, a wasa na uku, domin daga wannan harin ba a komowa, kuma a lokacin ne duk wanda zai iya zuwa walimar ya samu damar zuwa.